Masu Aikin Dare a Matatar Ruwan Ƙazanta: Yadda Ake Kula da Su, da Darasin da Ke Ciki ga Ƙasar Yauri



Shugaban wannan zama, wakilin Mai Martaba Sarkin Yauri, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu, sarakunan ruwa da shugabannin masunta, ma'aikatan ruwa da na lafiya, ɗalibai, 'yan uwa maza da mata da kuka taso daga Yelwa da Wara da Shanga da ƙauyukan bakin ruwa, ina yi muku barka da zuwa. 

An nemi in yi magana a kan yadda ake kula da ma'aikatan da ke aikin karɓa-karɓa a matatar ruwan ƙazanta ta zamani. Na san wani zai ce a ransa, mu da ba mu da irin wannan matata, ina ruwanmu da ma'aikatanta? Tambayar tana kan hanya, kuma da ita zan fara. Amma bari in ajiye jigon maganata tun yanzu, don wanda wata hidima ta ɗauke kafin in gama ya tafi da shi. Matata takan rayu ko ta mutu ne a hannun mutum biyu ko uku da ke cikinta da tsakar dare. Babban aikin wanda ke shugabantar su shi ne ya tsara wurin yadda faɗin gaskiya zai fi musu sauƙi a kan ɓoye ta.

Ruwan da muke zaune a bakinsa

An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Ruwan da ya taru a bayanta ya zama tafki mai tsawon kusan kilomita 135. Ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai da gonaki, aka tashi mutane fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawa da Kambari da sauran al'ummomin masarautun Yauri da Borgu, aka sake musu matsuguni. Tun daga lokacin rayuwar wannan yanki ta rataya a kan hawa da saukar ruwan nan. Farin ruwa yakan zo da damina, ɗauke da laka daga ƙoramun kusa da kuma gulbin Sakkwato. Baƙin ruwa kuwa, wanda ya sauko tun daga tsaunukan Gini ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, sai da hunturu yake iso mana. Daga nan tafkin ya dinga ja da baya har damina ta sake kankama.

Kafin ruwan ya iso Yauri ya riga ya wuce Bamako da Yamai da Gaya, ya kwaso abin da ya kwaso. Abin da mu kuma muka zuba yakan bi ta Kainji da Jebba har ya kai Lakwaja. A garuruwanmu babu bututun ƙarƙashin ƙasa da ke tattara najasa wuri ɗaya. Bahaya na tafiya masai ko sokawe ko bayan gari. Ruwan wanka da na wanke-wanke na bin kwata. Jinin mayanka, da ruwan da aka turara shinkafa da shi, da ruwan wankin ƙasa daga ramukan haƙar zinariya, duk gangare ɗaya suke bi. Gaskiya ne tafkin yana da girma, yana kuma tsarma ƙazanta mai yawa. To amma mata ba su ɗiban ruwa a tsakiyar tafki. A gaɓa suke ɗiba, a gaɓa yara ke iyo, kuma a gaɓar ne kwata ke zuba.

Sakamakon ba baƙo ba ne gare mu. A 2021 amai da gudawa ya kama mutane fiye da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 3,000, kuma jihar Kebbi na cikin jihohin da ya taɓa. Tsargiya, wadda iyaye ke ganin alamarta a fitsarin yara, tana yaɗuwa ne idan mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin katantanwa, daga baya ya fito ya huda fatar wani. Ciyawar da ke rufe fuskar ruwa ta hana kwale-kwale wucewa ta tsinka taru, ita ma takin da ke cikin ƙazanta yana ƙara mata ƙarfi. Saboda haka ko ba yau ba, dole wata rana Yelwa da Wara su tace ruwan da suke zubarwa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ke cikin matata

Matatar da ta fi dacewa mu yi misali da ita a ƙasar nan ita ce ta Wupa da ke Abuja, wadda aka buɗe a 2007, take ƙarƙashin Hukumar Kare Muhalli ta Abuja. An tsara ta don ɗaukar ƙazantar mutum 700,000, wato kimanin lita miliyan 131 a rana. Ruwan banɗaki da na wanka da na kicin daga unguwannin da aka shimfiɗa wa bututu can yake gangarawa. Da ya shigo sai ya bi ta tsakanin sandunan ƙarfe da ke tare leda da tsumma da robobi, sannan a rage masa gudu yashi ya kwanta. Daga nan ya shiga manyan tankuna inda injina ke buga masa iska dare da rana, kuma a nan ainihin aikin yake. Cikin tankunan akwai wata laka mai rai, cike da ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ke cinye ƙazantar muddin suna samun iska. Ruwan ya zarce wani tanki inda yake natsuwa, lakar ta kwanta a ƙasa, garai-garan ya tsiyaye ta sama. A mayar da wani kaso na lakar baya ta ci gaba da aiki, a fitar da rarar a busar. A ƙarshe a haska wa ruwan wani irin haske mai kashe ƙwayoyin cuta kafin a sake shi cikin rafin Wupa.

Wannan dabara ta laka mai rai wasu masana biyu ne, Ardern da Lockett, suka bayyana ta a Manchesta ta Ingila a 1914. Abin da zamani ya ƙara shi ne cire sinadaran taki, wato naitirojin da fosforas, da tacewa ta rariya mai ƙananan huda ƙwarai, har ruwan ya dawo abin sha. Birnin Windhoek na Namibiya ya fara mayar da tataccen ruwan ƙazanta cikin famfunan sha a 1968, shekarar da aka gama Kainji. Singafo ta fara nata a 2003.

Wanda ke kula da tankin iska makiyayi ne. Garkensa, wato ƙwayoyin halittar nan, yana da abinci da yake ci, da iskar da yake shaƙa, da adadin da makiyaya za ta iya ɗauka. In wuta ta ɗauke na sa'o'i masu yawa injinan iska suka tsaya, garken ya fara shaƙewa. In wani ya juye maganin ƙwari ko baƙin mai ko ruwan batir a magudana, garken ya sha guba. Idan kuwa ya mutu, ba a zuwa kasuwa a sayo wani. Sai an yi makonni ana renon sabo, kuma a duk tsawon makonnin nan ƙazanta ce ke fita zuwa kogi.

Zagaye ɗaya da tsakar dare

Mu bi afareta, wato ma'aikacin da ke kula da injinan matata, zagaye ɗaya. Ƙarfe biyu na dare ne, cikin watan Afrilu, zafi ya ƙi sauka. Ya ɗauki cocila da gwangwanin ɗiban ruwa mai dogon mariƙi, ya hau matakalar tankin iska. Kafin ya taɓa wani ma'auni, hanci da ido sun fara ba shi labari. Laka mai lafiya ruwan ƙasa ce, tana ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. In ta soma baƙi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, iska ta yi ƙaranci. Farin kumfa mai tashi sama yana nuna ƙwayoyin sun yi kaɗan ko ba su ƙosa ba. Kumfa mai duhu da maiƙo yana nuna lakar ta tsufa, an daɗe ba a rage ta ba. Sai ya zura ma'aunin oksijin, yana neman wajen miligiram 2 a kowace lita. A irin wannan wata ne hankalinsa ya fi tashi, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai: wanda ke kan digiri 20 yana iya riƙe miligiram 9, wanda ke kan digiri 30 kuwa bai wuce 7 da rabi ba. Ya cika kwalbar gwaji mai cin lita ɗaya, ya ajiye, ya duba agogo. Bayan minti 30 zai dawo ya ga inda lakar ta tsaya da yadda ruwan sama ya washe. Kafin nan ya leƙa ɗakin famfuna, ya ɗora bayan hannu a jikin kowane inji ya ji zafinsa, ya saurari kukansa. Sannan ya zauna ya rubuta.

Tun muna yara malamanmu suka karantar da mu cewa ana gane ruwa ya gurɓata ta launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa. Afareta ma da ido da hanci yake farawa. Sai dai ƙwayar amai da gudawa ba ta sauya ko ɗaya daga cikin ukun nan, shi ya sa ake da ɗakin gwaji. Ɗakin gwajin kuma yana da nasa jinkiri. Babban gwajin da ake auna yawan ƙazantar ruwa da shi kwana 5 yake ɗauka kafin ya ba da amsa. Ranar da sakamako ya iso teburin manaja, ruwan da aka gwada ya daɗe da wucewa, an sha, an yi wanka, an shayar da dabbobi. Don haka abin dogaro na yau da kullum shi ne abin da mutumin nan ya gani da ƙarfe biyu, da abin da ya yarda ya rubuta.

Nauyi biyar a wuyan shugaba

Na farko lissafin mutane ne. Mako yana da awa 168, ma'aikaci ɗaya kuma awa 40 yake yi. Kenan kujera ɗaya da ba a barin ta babu kowa tana buƙatar fiye da mutum huɗu. In aka ƙara hutun shekara da rashin lafiya da rasuwa da suna da zuwa kwas, sai biyar. Tunda ba a barin mutum ɗaya tilo a matata da dare, ana maganar mutum goma kenan. Inda aka ɗauki shida aka ce su yi maleji, giɓin a jikinsu yake fita: wanda ya gama nasa ya zarce da na wani, ya yi awa 16 a tsaye, kuma da asubahi, lokacin da barci ya fi ƙarfin kowa, shi ake jira ya lura da injin da ya canza murya. Shugaba nagari yakan juya jadawali daga safe zuwa yamma zuwa dare, domin jiki ya fi jure wa hakan a kan akasinsa. Yakan manna jadawalin wata guda kafin lokaci. Yakan zauna da mutanensa tun kafin azumi a shirya wanda zai sha ruwa a bakin aiki, da wanda zai tsaya ranar Sallah bana don ya huta baɗi, da yadda za a yi da damina lokacin da kowa hankalinsa na gona. Musayar rana tsakanin abokai babu laifi, amma da saninsa, a rubuce.

Na biyu miƙa aiki ne. A daren 6 ga Yuli 1988, wata tashar haƙar mai mai suna Piper Alpha da ke cikin teku kusa da Sukotland ta kama da wuta, mutum 167 suka mutu. Bincike ya nuna masu aikin rana sun cire bawul ɗin kariya na wani famfo don gyara ba su gama ba, kuma labarin bai isa ga masu aikin dare ba. Da ɗaya famfon ya tsaya, sai suka kunna wanda aka buɗe wa ciki. Magana guda da ba a faɗa ba lokacin canjin aiki ita ce asalin wannan asara.

Mu nan muna da wata matsala da ladabinmu ke haifarwa. Mu ɗauka matashin sufabaiza ya iso da ƙarfe shida ya tarar da dattijon da ya kwana.

"Baba, ina kwana? Yaya aka ji da dare?"

"Lafiya lau, Injiniya. Babu komai."

An gaisa, kuma haka ya kamata. Amma ba a miƙa aiki ba tukuna. Sai ya jawo rajista su duba tare.

"Baba, sau nawa wuta ta ɗauke?"

"Sau biyu. A na biyun janareto ya yi minti ashirin bai tashi ba."

"Famfo na uku fa?"

"Tun sha biyu yake kuka. Na kashe shi na kunna na huɗu. Ka gaya wa yaran nan kada su taɓa shi sai makaniki ya zo."

"To Baba, mu je mu sa masa kwaɗo tare, ka nuna mini inda kukan yake fitowa."

Dattijon bai yi ƙarya da farko ba. Ya amsa gaisuwa ne. Aikin shugaba ne ya kafa ƙa'ida cewa bayan gaisuwa akwai tambayoyi sanannu, ana yin su ido da ido, a zagaya tare, mai fita da mai shiga duk su sa hannu. Minti goma sha biyar ɗin nan a lissafa su cikin lokacin aiki, domin in aka bar su a matsayin alfarma, mai gajiya zai yanke su.

Na uku, wanda shi ne zuciyar maganata, gaskiyar rajista ce. A watan Mayu na 2000, a wani ƙaramin gari mai suna Walkerton a Kanada, ruwan sama ya wanko kashin shanu cikin rijiyar da ke ba garin ruwa. Mutum 7 suka mutu, wajen 2,300 suka kwanta. Kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a O'Connor ya gano cewa ma'aikatan sun yi shekaru suna rubuta adadin kulorin a rajista ba tare da sun auna ba, kuma da sakamakon gwaji ya nuna matsala, an ɓoye wa jami'an lafiya na kwanaki. Matatar ruwan sha ce, a ƙasar da ke da kuɗi da kayan aiki, amma cutar iri ɗaya ce a ko'ina.

Me ke sa mutumin kirki ya rubuta abin da bai auna ba? Sau da yawa ma'auni ne ya lalace, ya kai ƙara sau uku ba a gyara ba. Ko sinadarin gwaji ya ƙare. Ko kuwa ya taɓa rubuta lamba marar kyau, aka ba shi takardar tuhuma, ya ga abokinsa da ke rubuta lamba ɗaya kullum yana zaune lafiya. Daga ranar ya ɗauki darasi. Shugaba mai ido yana gane irin wannan rajista: lamba ba ta motsi ko ana zafi ko ana sanyi, daren da wuta ta yi awa uku babu, oksijin bai ragu ba, kuma rubutun sa'o'i takwas duk hannu ɗaya ne, zama ɗaya. Maganinsa ƙa'idoji ne kaɗan. Gurbi da aka bari babu komai, aka rubuta dalili a gefe, ya fi lambar da aka ƙirƙira. Wanda ya kawo mummunan labari da wuri a gode masa a gaban jama'a, ko da kuskuren nasa ne, sannan a zauna a binciki abin da ya jawo. Hukunci mai tsanani a ajiye shi don wanda ya ɓoye ko ya ƙirƙira. Shi ma shugaban ya riƙa ɗaukar nasa awo lokaci-lokaci yana gwadawa da nasu. Kuma in aka kawo masa ƙarar ma'aunin da ya lalace, ya bi ta har a gyara, domin wanda bai ba mutum abin awo ba, ba shi da bakin tambayarsa lamba.

Na huɗu iko ne. Da dare babu manaja, babu injiniya, kuma ruwa ba ya jira gari ya waye. Dole a rubuta wa afareta abin da zai yi da kansa ba tare da neman izini ba, da iyakar da in an kai zai ɗaga waya. Lambar wayar ta kasance mai shiga, kuma wanda aka tasa daga barci kada ya yi faɗa ko da abin bai kai ya kawo ba. In ka yi wa mutum tsawa sau ɗaya don ya tashe ka, daren da gobara ta tashi zai tsaya yana shawara da zuciyarsa. Haka nan matatun zamani suna da kwamfuta mai ƙararrawa. Idan ƙararrawa ta yi yawa tana kuka a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ma'aikata kan saba da kashe ta ba tare da sun duba ba, don haka shugaba ya tace su, ya bar masu muhimmanci. In kuma larura ta sa ruwa marar tacewa ya fita, a san tun farko wa za a sanar: hukumar ruwa, jami'in lafiya, sarkin ruwa, da ƙauyen da ke ƙasa da bakin bututu.

Na biyar ran ma'aikaci ne. Cikin rami da tanki da bututun najasa akwai wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka a ƙasa take taruwa, kuma in ta yi yawa takan kashe jin wari, mutum ya zaci ta tafi alhali a lokacin ta fi kisa. Sau da yawa gawa ta biyu da ta uku ta waɗanda suka faɗa ceton na farko ne. Irin wannan labari muna jin sa a kan masu yasar masai da rijiya a garuruwanmu. Ƙa'ida ita ce ba a shiga rami sai da takardar izini, an auna iskar, an hura sabuwa, mai shiga yana ɗaure da igiya, wani yana tsaye a sama ba ya motsawa. Injin da ake gyara a sa wa makunninsa kwaɗo, makullin yana aljihun mai gyara. Safar hannu da takalmin roba da sabulu da allurar rigakafi haƙƙin ma'aikaci ne, kuma a matatar da ke bakin ruwa har da rigar iyo.

Abin da littafin injiniya bai faɗa ba

Akwai abubuwan da suka shafi zamanmu. Matashi mai digiri yakan zo ya shugabanci sa'an mahaifinsa wanda ya yi shekara ashirin yana jin kukan injinan nan. In ya raina shi, ya rasa ilimin da babu shi a takarda. In kuma kunya ta hana shi gyara masa, matata ta lalace. Hanyar ita ce ya ba shi girmansa a gaban mutane, ya mai da shi malamin sabbin ɗauka, gyara kuma ya yi masa su biyu. Akwai ɗan wane, wanda aka kawo da takarda daga sama, ba ya zuwa aikin dare, kowa ya sani. Muddin yana nan a haka, duk wata doka da shugaba ya kafa wasa ce a idon saura. A nan ne iyayenmu sarakuna da masu faɗa a ji za su taimaka, ta hanyar ƙin sa baki idan an hukunta nasu a kan gaskiya.

Akwai kuma raini. Mutumin da ke tsare gari daga annoba, a gari ana kallonsa mai aikin ƙazanta. In albashinsa ya makara kuma alawus ɗin dare ya maƙale, kada a yi mamaki in ya kwana yana kabu-kabu ya zo bakin aiki ya yi barci, ko man janareto ya fara raguwa. Shugaba ba shi ke biyan albashi ba, amma shi ne bakin mutanensa a wurin na sama. Ya kuma riƙa zuwa da dare jefi-jefi, ya zagaya da su, ya ga fitilar da ta mutu da matakalar da ta yi tsatsa. Ma'aikata suna bambance wanda ya zo kama ɓarawo da wanda ya zo ganin halin da suke ciki.

Abin da ya rage gare mu

Wannan yanki ya san aikin karɓa-karɓa. Tashar wutar Kainji, mai injina 8 da aka girka don ba da megawat 760, wadda kamfanin Mainstream ke gudanarwa tun 2013, ba ta rufe ɗakin kula da injinanta dare ko rana. Ma'aikatan jinya a asibitocinmu kullum suna miƙa wa juna marasa lafiya da rajista. Tarbiyyar tana nan. Ɗauko ta za a yi a kai bakin ruwa.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na ruwan ƙazantar duniya ana sakinsa ba tacewa, kuma ƙasashe sun yi alkawarin rage wannan da rabi kafin 2030. Najeriya ta ƙaddamar da gangamin hana bahaya a fili a 2019, Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta cim ma hakan a 2022. Yawan masai kuwa yana nufin yawan abin da za a kwashe, kuma dole a sami inda za a kai shi. Saboda haka ina ba da shawara huɗu.

Ta ɗaya, mu nemi abin da za mu iya riƙewa. Gari kamar Yelwa ko Wara, mai fili da rana amma wuta ba ta tsayawa, ya fi dacewa da jerin kududdufan tacewa da filayen busar da abin da aka kwaso daga masai, nesa da inda ambaliya ke kaiwa. Su ma suna buƙatar ma'aikaci da rajista da mai duba rajistar.

Ta biyu, duk wanda ya zo da alkawarin gini, gwamnatin jiha ce ko hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa ko wata ƙungiyar waje, a tambaye shi kafin a sa harsashi: ma'aikata nawa ne, wa zai biya su, ina kuɗin mai da kayan gyara da sinadarin gwaji na shekara biyar?

Ta uku, a fara horar da yara yanzu. Akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna, akwai Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, akwai cibiyar binciken kifi a Sabuwar Busa wadda ta daɗe tana nazarin ruwan tafkin nan. Ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga za su iya ɗaukar nauyin 'yan kaɗan kowace shekara.

Ta huɗu, wadda ba ta buƙatar kasafin kuɗi, a fara da abin da ke hannu. Gidan ruwa, da rijiyar burtsatse mai sola, da sokawen asibiti, da mayanka, kowanne ya sami rajista da mutumin da ke duba ta. Kwamitocin unguwa su riƙa neman a nuna musu sakamakon gwajin ruwan da suke sha, kuma idan ma'aikaci ya fito ya ce yau ruwan bai yi kyau ba, a tafasa, jama'a su gode masa, shugabansa ya tsaya a bayansa.

 Ma'aikatan ruwa da ke cikinmu sun fi ni sanin inda takalmi ke matsa su, kuma ina roƙon shugaban zama ya fara ba su dama idan an zo tambayoyi.